Hannunki na Dama, Rahinatu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Rahinatu 'yata, ina gaishe ki da kyau, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ina fata kin fara sabawa da zafin Tamale, kin sami gado mai kyau a ɗakin ɗalibai da abokan zama masu tsoron Allah. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya buɗe miki kai a karatun unguwarzoma da kika tafi nema. Babanki yana gaishe ki. Hajiya Fati mai tuwo ma ta ce in gaishe ki, har ta ƙara wata magana da ba zan rubuta ba.

Ba labarin gida ya zaunar da ni rubutu ba. Ranar da kika tafi, da na dawo daga tasha na shiga share ɗaki, sai na ga robar nan ja da aka ba ki a asibiti don motsa kafaɗa, tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Na duba jikin bango, caja ba ta nan. Na ɗaga matashi, abin sawa a kunne ba ya nan. Duk abin da waya take bukata kin tattara kin tafi da shi, abin da jikinki yake bukata kin bar mini. Na zauna bakin gado da robar a hannu, tsintsiya a ƙasa, har aka kira la'asar ban ƙarasa sharar ba. Ga ta nan na naɗe ta cikin ledar garin rogon da na aiko miki. Kafin ki buɗe kwalbar shito, soyayyen yajin nan da na haɗo miki, ki fara fito da ita.

Na san kin ce in daina tayar da maganar jaririn Memuna. Zan faɗe ta a nan sau ɗaya, domin ke a tsaye kike, ni kuwa a zaune, abin da na gani ba shi kika gani ba.

Kin san a lungunmu na unguwar Nima a nan Akra ni ake kira wankan jariri. Da Memuna matar ɗan Hajiya Fati ta haihu, ni nake zuwa safe da yamma kafin a yi suna. Ran nan na ce ki bi ni, tun da aikin da za ki je koyo ke nan. Na zauna a 'yar kujera, na miƙe ƙafafuna a kan bahon ƙarfe, na kwantar da yaron a kan ƙwaurina, na gasa masa kai da tawul, na cuɗa shi da sabulu. Da na zo juya shi kafaɗata ta ƙi, sai na ce ki ɗaga mini shi in gyara zama. Kika tallafi wuyansa da hannun dama, kika ɗaga. Rahinatu, ina kallon yatsunki. Na ga sun buɗe da kansu, kamar ba ke kike ba su umarni ba. Yaron ya zame ya faɗo a kan ƙafafuna, kansa ya wuce ta gefen bakin baho, kaɗan ya rage. Ya tsandara kuka. Memuna ta fito daga ɗaki ba ko ɗankwali.

Hajiya Fati ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Azumi, wannan ce za ta je karɓar haihuwar mutane?"

Kika ce, "Hajiya, sabulu ne. Santsi gare shi."

Ta ce, "Santsi? Mu da muke wanke su tun ba a haifi uwarki ba, da yashi muke cuɗa su?"

Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ce, "Hajiya, sabulu ne mana. Ni na cika masa kumfa." Na kare ki, don ba na son a ji a kasuwar Laraba cewa 'yar Azumi ta yar da jariri. Amma ina faɗa na san ba sabulu ba ne. A take na tuna murfin kwalbar man kaɗe da kika miƙo mini kika ce ya ƙi buɗuwa, na murɗa sau ɗaya ya buɗe. Na tuna bokitin da kike saukewa a tsakiyar hanya tsakanin famfo da ƙofarmu, in kin faki idona kin ɗauka, kina yarfe hannu. Na tuna yadda kike kai hannu baya kina danna tsakanin kafaɗunki kina yamutsa fuska. Duk na gani, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba sai ran nan. Kada ki yi abin da na yi. In abu ya kuɓuce miki, kada ki nemi abin da za ki ɗora wa laifi. Ki tsaya ki tambayi hannunki.

Yawancin wannan abu daga gare ni ya fara, kuma gara ki ji daga bakina.

Ni da aka kawo ni Akra daga Bawku ina yarinya, kaya na fara ɗauka a ka. Doya, gawayi, buhun albasa, duk abin da aka aza mini. Ina wucewa in ga yara da rigar makaranta, in sunkuyar da kai. Da aka haife ki na duba 'yan yatsunki na ce wannan hannu alƙalami kaɗai zai riƙe. Na kuwa cika alkawari fiye da kima. Ban bar ki ki kama taɓarya ba. Ban bar ki ki matse zane ba. Galan ɗin ruwa ni nake ɗaukowa, ke ki zauna. Hajiya Fati takan leƙo daga wurin murhunta ta ce, "Rahinatu, zo ki kama mini muciya in sha ruwa." Kafin ki motsa na riga na amsa, "Hajiya, ki bar mini 'yar boko, karatu take." Ita kuma ta ce, "Wane irin karatu ne ake yi ana ƙyalƙyala dariya? A ba ni shi ni ma in yi." Har fushi na yi da ita, muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na ɗauka ina hutar da ke. Ban san hannu ma yana mantuwa ba. To yanzu ba ni kusa, ba mai karɓe miki aiki, kuma wannan alheri ne ko da ba za ki gan shi haka ba. Ki wanke kayanki da kanki, kada ki ba wata. Ki matse zanen gado har ruwan ya daina ɗiga. In 'yan ɗakinku sun haɗa tukunyar tuwon banku, kada ki zama mai yanka albasa kullum, ki karɓi muciya ki tuƙa ko kaɗan ne, in kin gaji ki miƙa. In za ki ɗauki bokiti, kada ki cika shi don a ce kin iya. Rabi ya isa yanzu, ki riƙa sauya hannu.

Wayar ma ni na yi murna da ita fiye da ke. Kin san yadda nake jin tsoron lungunan nan da yamma, samari zaune a bakin gwata, babura suna shiga suna fita. 'Ya'yan wasu suna can waje, tawa tana ɗaki a kwance, shiru kamar ba kowa. In mata sun ce, "Azumi, ba ma ganin Rahinatu," sai in ji daɗi har cikin raina. In na leƙa in gan ki kin dunƙule a kan katifa, haɓa a ƙirji, gwiwar hannu a maƙale a ciki, babban yatsa yana ta tafiya, sai in ja labule a hankali kada in dame ki. A lokacin, duk abin da yake da baƙaƙe a jikinsa karatu ne a wurina. Ko takardar da aka naɗe mini ƙosai ba na takawa.

Sai da na shiga ajin manya na bayan la'asar a makarantar masallacinmu, na fara haɗa baƙi da baƙi, sannan wata rana na tsaya bayanki na karanta abin da ke kan gilashin. Wata ce take tambayarki wane launin mayafi za a saka a bikin da za a yi a unguwar Kotobabi. Na san akwai na makaranta a ciki, ba na musu. Na ga hotunan ƙashi da na mahaifa da malamanku suke turowa. Amma na ga sauran ma, kuma sun fi yawa. Duk da haka ban ce komai ba. Na ji kunya a ce jiya-jiya na koyi karatu, yau ina leƙa na mai sakandare. Da na yi magana a ranar, da wataƙila ba mu kai nan ba.

Don haka ki ji. Ba cewa nake ki jefa waya a rijiya ba, na san da ita ake karatu yanzu. Amma kada ki yi karatu a kwance. Ki tashi ki je inda tebur yake, ki jingina ta da littattafai ta zo daidai idonki, ki sauke hannuwanki su huta. Abin da yake da tsawo, ki nemi a buga miki a takarda. Kuma ki bar kiran salla ya riƙa tashinki da gaske, ba ki ce bari in gama wannan ba. In kin yi alwala kin tsaya, ki buɗe ƙirjinki, ki bar kafaɗunki su koma baya inda Allah ya ajiye su.

Akwai kuma maganar ciwon. Lokacin da kika fara cewa bayanki yana miki zafi kamar an ɗora garwashi, me na yi? Na shafa miki man zafi. Da bai daina ba na ce baki ne, don kin ci jarrabawa mutane sun sa miki ido, na karɓo miki rubutu. Da bai daina ba na kira wanzami ya yi miki ƙaho, kina kuka ina riƙe da kanki. Addu'a ba ta taɓa zama asara ba, kuma ba zan daina ba. Amma ban tambayi kowa me ya sa yarinya mai ƙuruciya take ciwon tsofaffi ba. Haka na yi wa tawa kafaɗar. Tun ina ɗaukar kaya take yi mini magana, ina danne ta da mai da tsumma mai zafi, ina cewa gobe. Yau kin ga yadda nake. Ba na iya shanya a igiyar sama. In zan ɗaura ɗankwali sai na sunkuyar da kai ƙasa kamar mai neman allura. In na ɗaga hannu zan yi kabbara, na dama yana tsayawa a hanya. Ni na riga na saba, kuma aikina ya kusa ƙarewa. Naki ko farawa bai yi ba.

Shi ya sa bayan abin da ya faru na ja ki asibiti kina ƙunƙuni a cikin trotro, motar haya, kina cewa, "Mma, kin cika tsoro, kowa a ajinmu haka yake." Wannan magana taki ba ta kwantar mini da hankali ba, ƙara tayar da shi ta yi.

Ki tuna matar nan mai duba motsin jiki, wadda kowa yake kira Madam. Ta sa kika juya baya kika dafa bango da hannu biyu kika tura. Ina tsaye a bayanki. Allon kafaɗarki na hagu ya kwanta lafiya, na dama kuwa ya taso ƙarƙashin fata kamar gefen faranti. Ta ce ki ɗaga hannuwa sama a hankali. Na hagu ya tafi sumul, na dama sai da kafaɗar ta haura kusa da kunnenki kafin ya bi. Sai ta ba ki wani ƙarfe ta ce ki matsa iya ƙarfinki, ta duba, ta sauya miki hannu, ta sake dubawa. Hannun da kike cin abinci da shi, shi ne ya gaza ɗan'uwansa.

Tana magana da Turanci kina juya mini, sai na lura nata yana da tsawo, naki gajere. Na ce mata da yaren Twi, "Madam, ki faɗa mini da kanki, wannan tana rage mini." Ta yi dariya har ta dafa tebur, ke kuma kika ce, "Kai, Mma!" Sai ta kama tafin hannuna ta ɗora a bayanki, ta ce ki sake ɗagawa, don in ji da kaina. Ta ce allon kafaɗa ba a ɗaure yake da ƙashi ta baya ba, nama ne yake riƙe da shi, yana zamewa a kan haƙarƙari duk lokacin da hannu ya motsa. In mutum ya daɗe yana zama a dunƙule, kai a gaba, naman gaba ya ɗaure, na baya ya saki, sai allon ya daina tafiya yadda ya kamata. Hannu kuma daga can yake samun wurin dogara. In can bai tsaya ba, ga yatsu sun gaji da riƙon abu ɗaya tun safe, riƙo sai ya yi rauni. Na tambaye ta ko wayar ce. Ta ce ba za ta rantse ita kaɗai ce ba, amma ta tambaye ki yaya kike zama da ita da kuma tsawon lokacin, kika sunkuyar da kai kina kallon silifas ɗinki.

Abin da na riƙe daga bakinta shi ne yana gyaruwa. Na sa ta maimaita. Ta ce yana gyaruwa, amma ba da shafa ba, ba da allura ba, sai da motsin nan da ta koya miki, kullum, ko kina so ko ba kya so. Ki ɗaura robar a ƙarfen gado ki ja ta zuwa ƙugunki, kina haɗa allunan kafaɗa a baya. Ki tsaya a bango ki zame hannuwa sama ba tare da kafaɗa ta hau kunne ba. Ni na haddace su don ina yi a ɓoye in ba kowa a tsakar gida, ko tawa za ta ɗan saki. In 'yan ɗakinku sun yi miki dariya, ki ce su zo su dafa bango ki duba nasu. Kuma ta ce in yatsu suka fara mutuwa ko ciwon ya sauko hannu, kada a jira hutu, a je asibiti a can. Ki je. Kada ki saya wa kanki man zafi ki yi shiru, wannan hanyata ce kuma kin ga inda ta kai ni.

Yanzu ga babbar maganar, wadda saboda ita nake juyi a kan tabarma.

Wata rana, ba da daɗewa ba, za su shigar da ku ɗakin haihuwa. Wata malama za ta juyo ta ce, ke, karɓi. Abin da za a miƙo miki ya fi jaririn Memuna santsi, ba a ko goge shi ba, kuma ƙasan wurin siminti ne, babu ƙafafun Mma a miƙe a ƙarƙashi. Uwarsa tana kwance ba ta san sunanki ba, ta dai ga farar riga ta yarda da ke. Ina so tun kafin wannan rana ki sami malamar da take kula da ku, ke da ita, ki gaya mata abin da Madam ta gani. Ki nuna mata takardar asibitin. Ki ce kina gyarawa, kuma kina roƙo a tsaya kusa da ke har hannun ya dawo.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce za su raina ki, ko su rubuta a takardarki, ko su ce ki koma gida. Ni ma ina jin wannan tsoron, kada ki ɗauka ban ji. Ba gidan da ban shiga ba a Nima da Maamobi ina cewa 'yata za ta zama unguwarzoma. In kika dawo da akwati, ban san inda zan sa fuskata ba. Na auna wannan, na auna ɗayan, na ga ba su kusa da juna. Kunya zan iya ɗauka, na ɗauki abin da ya fi ta nauyi a kaina. Amma a ce ɗan wata ya faɗi daga hannunki saboda ni da ke mun ɓoye abin da muka sani, wannan ba zan iya ba, ke ma ba za ki iya ba, zai bi ki har tsufa. Kuma ban ɗauka za su kore ki ba. Masu aikin jinya ne, sun san jiki yana gajiya yana kuma warkewa. Ko da sun yi miki faɗa, ki tsaya ki sha faɗan.

Saura abu ɗaya, shi ya fi yi mini wuya. Jiya na ba Hajiya Fati labarin duk wannan, ina cewa yaran yanzu waya ta cinye su. Tana kwasar tuwo ba ta ko ɗago ba ta ce, "To wa yake kiranta tun asuba? Wa yake tura mata murya, kin ci, kin sha, kin rufe ƙofa, me ya sa ba ki amsa ba? Azumi, rabin ciwon kafaɗar yarinyar nan muryarki ce a ciki." Tun da kika tafi, in na ga alamar kin karanta ba ki amsa ba, sai in sake turawa. In ba ki karanta ba, sai in kira. Ina ce miki ki ajiye waya, ni ce kuma nake sa ki ɗauka.

To na daina. Daga yau ba za ki ƙara ganin saƙona safe da rana ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira ki, mu yi magana ki jingina wayar a tebur, hannuwanki a sake. Sauran kwanakin in kin ji shiru, ba fushi ba ne, kuma ba ciwo ba ne, in wani abu ya faru Babanki zai neme ki. Ina nan ina kallon wayar a kan akwati, ina hana kaina. Ban san yadda zan yi da ranakun ba, wataƙila Hajiya Fati ta samu mai kama mata muciya. Amma a Juma'ar farko, kafin in tambaye ki ko kin ci abinci, zan tambaye ki ko kin je wurin malamar. Ki shirya mini amsa ta gaskiya.

Allah ya ƙarfafa miki hannunki, ya sa duk wani rai da aka ɗora a kansa ya sauka lafiya. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya dawo mini da ke da ƙafafunki. Na bar ki a hannun wanda riƙonsa ba ya saki.

Wassalam.

Ni ce Mmanki,
Azumi